Daga Maigatari zuwa tsibiran Chadi: wa ke tsare rai da dukiyar mazauna cikin ruwa?

Ranar Alhamis a Maigatari, tun kafin rana ta yi zafi ƙura ta riga ta tashi a kara. Shanu da raƙuma da tumaki sun kwana a hanya daga ƙasar Damagaram da gabas da ita, manyan motoci sun ja layi suna jiran lodi zuwa Kudu, 'yan canji na ƙirga sefa da naira a bakin rumfa.

In ka bar wajen dabbobi ka kutsa cikin kasuwa, ka wuce masu kanwa da masu zoɓo, hancinka zai kai ka wurin masu banda kafin idonka ya gan su. Tarwaɗa ce a naɗe, baƙa ƙirin, an kasa ta kashi-kashi. Mai saye na tayawa, mai kaya na cewa albarka, yana rantsuwa a Haɗeja ma da tsada ya saro.

Ƙasar Gumel ba ta da babban kogi. Jigawa ce da yashi, ƙasar gero da wake da riɗi, damina ta zo ta wuce cikin 'yan watanni. Duk da haka, wani kaso na kifin da ake jefawa a miyar kuka a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya fito ne daga Tafkin Chadi, ɗaruruwan kilomita a gabas, daga ƙananan tsibiran da wasunsu ko a taswira babu su. Wanda ya kama shi, sau da yawa sai da ya biya masu bindiga kafin ya jefa taru. Wanda ya banda shi kuwa, ba mamaki ɗan Jigawa ne da ya bar gida bayan kaka da niyyar dawowa kafin shuka.

Tsohuwar hanya ce

Alaƙar wannan yanki da tafkin ta girmi Najeriya. Masarautar Gumel ta Mangawa ce, an kafa ta wajen shekarar 1750, kuma ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Borno take bi. Da Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814, can ne sarakunan Gumel ke kai gaisuwa. Kukawar nan ita ce a yau ƙaramar hukumar da garin Baga yake cikinta, kuma Baga ce ƙofar shiga tafkin daga ɓangaren Najeriya.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya bi ta Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa ta zuwa Kukawa, ya kuma rubuta cewa garin babbar matattarar cinikin kanwa ce. Har gobe kanwa na cikin abin da aka san Maigatari da shi. Da jirgin ƙasa ya isa Nguru daga Kano wajen 1930, ya ratsa ta Gagarawa, hanyar gabas ta ƙara sauƙi ga fatake da 'yan ci-rani.

A wancan zamani tsibiran na Buduma ne, waɗanda ke kiran kansu Yedina, masu jiragen ciyawa da shanun kuri masu ƙahoni kamar gora, da ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman kiwo. Baƙo ba ya shiga sai da yardarsu.

Ruwa ya ja, mutane suka bi shi

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Sai farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya. Tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa da na kudu, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma na da ba. Kwarin arewa ya sha ƙafewa ƙaf.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin labarin asara kawai, alhali ga talakan Arewa wata ƙofa ce ta buɗe. Tafkin ba shi da zurfi, a mafi yawan wurare 'yan mitoci ne. Da ruwan ya ja, sai tuddai suka ɓullo, ga laka mai albarka da ke fitar da masara da wake ba taki ba ban-ruwa, ga fadamu da tarwaɗa ke hayayyafa a ciki. A daidai lokacin da gero ke ƙonewa a gonakin Gumel da Daura, a bakin Chadi ana girbi da rani.

Sarkawan Kabi da Yawuri suka taho, masuntan Haɗeja da Nguru suka taho, Jukunawa daga Binuwai, har da mutanen Mali da gurarsu ta kama kifi. Su mutanen Haɗeja suna da ƙarin dalili: madatsar Tiga da aka kammala a 1974, daga baya kuma ta Challawa a 1992, sun rage ambaliyar da ke cika fadamunsu kowace shekara, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Bayan masunta sai manoma, sai 'yan ƙodago, sai mai shayi da wanzami da malamin allo.

Sunayen garuruwan sun ishe ka shaida: Doron Baga, Doron Liman, Doron Malam, Garin Wanzam, Ramin Dorina, Sabon Tumbu, Tumbun Gini, har da Fage. Hausa ta zama harshen ciniki a cikin ruwan, naira kuma ta zama kuɗin da ake karɓa har a tsibiran Kamaru da Chadi da Nijar.

Zaman tumbu

Tumbu, kamar yadda mutanen tafkin ke kiran tsibiri, ba gari ba ne irin wanda muka saba. Wani bai fi a zagaye shi da ƙafa tsakanin Azahar da La'asar ba. Ɗakunan na zana ne da ciyawa, a jere kusa da juna, ga tukuban banda suna hayaƙi dare da rana. Gobara ɗaya kan share unguwa. Sauro kuwa, wanda ya taɓa kwana can ba ya ba da labarinsa da wasa. Ruwan da ake wanka da shi ake sha, shi ya sa tsargiya da amai da gudawa suka zama 'yan gida. Mace in naƙuda ta yi gardama, sai a sa ta a kwale-kwale a nufi gaɓa, tafiyar sa'o'i ta cikin hanyoyin da aka sare a tsakiyar ciyawa, in an yi sa'a inji bai mutu ba kuma dorina ba ta tare hanya ba.

Kashi casa'in cikin ɗari na ruwan tafkin daga kogin Shari da Logon yake zuwa, daga can kudu, saboda haka cikarsa ba ta zuwa tare da daminarmu. Sai a ƙarshen shekara, lokacin hunturu, yake kai maƙura. Daga nan ya fara ja, manomi na bin sa a baya da irin shuka. Mutum ɗaya kan zama masunci wata uku, manomi wata uku, a shekarar da ruwa ya yi yawa kuma gonar bara ta koma wurin kafa gura.

A nan ne batun dukiya ya sha bamban da na tudu. A Gumel in ka ce gonar gado, kowa ya san iyakarta, ga gamba ko aduwa a matsayin shaida, ga dagaci da ya san uban kowa. A tumbu gonar kanta ba ta da tabbas. Tana ɓullowa bana, baɗi ta nutse, shekara uku ta sake fitowa da wata siffa. Babu takarda, babu awo. Wanda ya fara sauka yakan zama bulama, shi ke yanka wa baƙo wurin ɗaki da wurin shuka, a ba shi wani abu daga amfanin. Muddin bulaman na nan kuma ana jin maganarsa, haƙƙinka na nan. Ranar da ya gudu, ko aka kashe shi, ko wani mai ƙarfi ya ture shi, sai ka sake ciniki daga farko.

Ruwan ma yana da masu shi. Dumba, wato jeren gura da ake kafawa a tare mashigar kifi, ba a kafa ta sai da izini, kuma izinin kuɗi ne masu kauri. Tun kafin a ji sunan Boko Haram ana rigima a kanta, domin mai dumba na kwashe kifin da mai kalli da mai birgi ke jira a ƙasa. Masu sarauta na karɓa, ma'aikatan ƙaramar hukuma na karɓa, masu kaki na ƙasashe huɗu kowa na karɓar nasa a inda ya tsaya.

To ina mutum ke ajiye abin da ya samu? Babu banki. Arzikinsa na cikin jirgin katako, da injin Yamaha, da taru, da katan-katan na banda da ke jiran jirgin kasuwa. Mafi yawa ma ba nasa ba ne gaba ɗaya. Wani uban gida ne a Baga ko Maiduguri ya ba da kayan aiki bashi, a biya da kifi, kuma lissafin na cikin kai ko a wani ɗan littafi da mutum ɗaya ke riƙe da shi. Tsari ne da ya yi shekaru yana aiki saboda amana. Amma dare ɗaya ya isa a rasa jirgin da injin da kifin da mai littafin baki ɗaya, bashin kuwa ya rage a wuyan wanda ya tsira.

Ƙasar wa?

Masunci ruwa yake bi, ba ruwansa da layin da Turawa suka ja a takarda. Gwamnatoci kuwa da ruwansu. A 1983 sojojin Chadi da na Najeriya sun gwabza a kan wasu tsibirai, lokacin Muhammadu Buhari na kwamandan runduna ta 3 da ke Jos, shi ya jagoranci korar sojojin Chadin.

Ta ɓangaren Kamaru abin ya fi daɗewa. Da ruwa ya ja gabas, 'yan Najeriya suka bi shi suka kafa Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga wajen 1987 kuma hukumomin Najeriya suka bi su da 'yan sanda da makaranta da karɓar haraji a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ngala. Ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci, a shari'ar nan da aka fi sani da ta Bakasi, cewa yankin na Kamaru ne. A Disambar 2003 aka miƙa ƙauyuka sama da 30. Dubban mutane suka wayi gari baƙi a garin da su suka sare ciyawarsa. Wasu suka tashi, wasu suka zauna suka koyi mu'amala da jandarma.

Akwai Hukumar Tafkin Chadi tun 1964, hedikwatarta a Njamena, ta kuma yi aikin shata iyakoki. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne samar wa mazaunin tumbu wata hukuma guda da zai kai ƙara in an ƙwace masa jirgi.

Da bindiga ta shigo

Wurin da ke da kuɗi a hannu, ga ciyawa mai ɓoye jirgi, ga iyakoki huɗu, ga hukuma a nesa, ba zai daɗe bai samu mai so ba. A Afrilun 2013 aka yi artabu a Baga tsakanin sojoji da Boko Haram. Mazauna garin sun ce an kashe mutum kusan 200, sojoji sun ce adadin bai kai 40 ba, ƙungiyar Human Rights Watch kuwa ta ƙirga gidaje sama da 2,000 da suka ƙone ta hoton tauraron ɗan'adam.

Ranar 3 ga Janairun 2015 Boko Haram ta ci barikin rundunar haɗin gwiwa da ke Baga, ta bi garin da Doron Baga da kisa da ƙone-ƙone na kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 150, wasu suka ce har 2,000. Amnesty ta ce gine-gine kusan 3,700 aka lalata. Mutane suka faɗa ruwa, wasu suka nutse, wasu suka maƙale a tsibirai ba abinci har sai da aka kwashe su zuwa Baga Sola a Chadi.

Sai kuma Karamga. Ranar 25 ga Afrilun 2015 aka kai hari kan sansanin sojan Nijar a wannan tsibiri, aka kashe sojoji sama da 40 da farar hula kusan 30. Hukumomin Diffa suka ba duk mazauna tsibiran ɓangarensu wa'adin 'yan kwanaki su fita. Mutum wajen 25,000 suka fito a tsakiyar bazara, da yawa a ƙafa, suka nufi Ngigmi da Boso, wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya. Dubban 'yan Najeriya daga cikinsu aka loda a manyan motoci aka sauke a Gaidam ta jihar Yobe, daga nan jihohinsu suka riƙa aiko motoci suna kwasa. Akwai wanda ya yi shekara ashirin a cikin ruwa, ya koma garinsu da rigar jikinsa. Jirage da shanu da buhunan masara duk an bar su ga wanda ya zo.

Chadi ma ta kwashe nata tsibiran a shekarar ta 2015. Dabarar soja ce da ake iya fahimta: a fitar da farar hula, duk wanda ya rage abokin gaba ne. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna an share wa masu bindiga fili ne, aka kuma bar musu jari.

Biyan haraji a ciki, tuhuma a waje

Bayan kwashe mutane sai haramci. Sojojin Najeriya sun hana kamun kifi da safararsa na shekaru, har an sha ƙona motocin kifin da aka kama. Nijar ta hana cinikin kifi da na tattasai a Diffa, ta hana hawa babur. Hujjar ita ce 'yan ta'adda na samun kuɗin makamai daga wannan ciniki, kuma hujjar ba ƙarya ba ce.

Amma yunwa ba ta jiran a ɗage doka. A 2016 Boko Haram ta dare biyu, ɓangaren Abu Mus'ab Albarnawi da ake kira ISWAP ya kafa sansani a tsibiran, ya kuma fahimci abin da gwamnatoci suka yi sakaci da shi. Maimakon kora, sai ya yi kira: ku dawo ku yi su, ku yi noma, ku biya. Rahoton da ƙungiyar International Crisis Group ta fitar a 2019 ya bayyana yadda suke karɓar haraji, suna haƙa rijiyoyi, suna yanke hukunci kan sata da rigimar bashi. Cinikin kifi ta Baga ya mutu, kifin ya canza hanya, wani ta cikin Nijar, har ya iso kasuwanni irin ta Haɗeja.

Kada wannan ya ruɗi kowa. Mai karɓar harajin nan shi ne mai yanka. A Agustan 2017, jim kaɗan bayan an sassauta dokar hana su, an kashe masunta kusan 30 a tsibiran Duguri da Dabar Wanzam. Bayan mutuwar Shekau, shugaban ɗaya ɓangaren Boko Haram, a 2021 kuma, mutanensa da suka rage ƙarƙashin Bakura suka riƙe wasu tsibiran arewa suna yaƙi da ISWAP, har ta kai takardar da ka biya wa wannan ɓangare ita ce shaidar laifinka a wurin wancan. A Janairun 2025 an kashe manoma da masunta aƙalla 40 a ƙauyen Dumba kusa da Baga.

Gwamnatin Borno, wadda ta fara mayar da mutane Baga tun Satumbar 2020, ta ce waɗanda abin ya shafa sun ƙetare iyakar da sojoji suka shata, Gwamna Babagana Zulum kuma ya roƙi jama'a su tsaya inda ake iya kare su. Masunta da manoma na da tasu amsar, wadda suka sha faɗa wa 'yan jarida: filin da aka shata ya yi kaɗan ga yawan mutanen da aka dawo da su, kifi da ƙasa mai kyau suna can gaba, tallafin abinci kuma ba ya kai wata.

Sojoji ma na da abin faɗa, kuma jininsu ya zuba. A Bohoma, cikin Maris na 2020, Chadi ta rasa soja kusan 100 a rana ɗaya. A Barkaram, ƙarshen Oktoban 2024, ta sake rasa wajen 40. Daga sama matuƙin jirgin yaƙi ba ya bambance kwale-kwalen masunci da na ɗan bindiga. Kwanaki kaɗan bayan Barkaram, masunta suka shaida wa kamfanin dillancin labarai na AFP cewa jirgin Chadi ya hallaka 'yan'uwansu da dama a tsibirin Tilma, gwamnatin Chadi kuma ta musanta cewa ta taɓa farar hula. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar haɗin gwiwar, abin da ya ƙara sassauta tsaron kwarin arewa.

Mazaunin tumbu dai a tsakiya yake. In ya ƙi biya a ciki, ransa. In ya biya ya fito gaɓa, ana iya kama shi a matsayin mai taimakon 'yan ta'adda. Ni dai ban ga adalci a hukunta mutum kan harajin da aka karɓa da bakin bindiga a wurin da hukuma ta janye ta bar shi ba.

Abin da ke isowa gida

Ci-rani ba sabon abu ba ne a ƙasar Gumel. Mafi yawan samari Kano suke nufa, ko Abuja, ko Legas. Masu nufar gabas sun fi ƙaranci, amma abin da ke jan su a fili yake: aikin wata uku a gonar wake ko a bakin tukubar banda na iya kawo abin da dako a birni ba zai kawo ba. Gida kuma ya matse. Gonaki sun tsattsage da rabon gado. A Gagarawa an yi shekaru ana taƙaddama kan dubban kadada da gwamnatin jiha ta ware wa wani kamfani don noman rake. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun karya samarin da ke ci daga hidimar kasuwar Maigatari.

Wanda ya tafi Legas, in ya kwana biyu ba a ji shi ba, akwai sarkin Hausawa, akwai 'yan gari a Mile 12 ko Agege da za a tambaya. Wanda ya shiga ruwa kuwa, waya ba ta kamawa a yawancin wurare, masu riƙe da tsibiran ma ba sa son ganin ta. Sau da yawa ko iyayensa bai gaya wa takamaiman inda za shi ba, don kada a hana shi. In labari ya zo, a bakin wani yake zuwa, wanda shi ma ji ya yi.

Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana da sunayen mutum wajen 24,000 da suka ɓace a Najeriya, adadi mafi yawa a Afirka, kuma akasarinsu rikicin Arewa maso Gabas ne. Waɗannan su ne waɗanda aka kai rahotonsu. Dangin ɗan ci-rani daga wani ƙauye a Sule Tankarkar da wuya su san akwai inda ake kai irin wannan rahoto.

Nauyin kan mace yake faɗawa. Ba gawa, ba jana'iza, ba takaba. Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi ya yi bayanin wanda ya ɓace: matarsa ta kai magana gaban alƙali, a bincika, in ba a samu labari ba a yanka mata shekara huɗu daga ranar, sannan ta yi idda ta wata huɗu da kwana goma. Wannan in akwai dukiyarsa da ake ciyar da ita ne. In babu, tana da damar neman a raba auren saboda rashin ci da sha. Gadonsa kuwa ba a raba shi sai an tabbatar da mutuwarsa, ko shekarunsa sun kai inda tsararrakinsa ba sa wucewa, wanda malamai da yawa suka ƙaddara da 70.

Hukuncin a sarari yake, amma mata nawa ne ke zuwa kotu? Kunya na hanawa, surukai na cewa a ƙara haƙuri, lissafin shekara huɗun kuma ba ya farawa sai ranar da aka kai ƙara. Ana nan yarinya mai ɗa ɗaya ta tsufa a ɗakin miji, gonarsa na hannun ƙanensa ba aro ba gado, uban gidan da ya ba da taru kuma na aiko da saƙon bashi.

Maganar cika tafki

Duk taron da aka yi kan Chadi sai an tayar da batun janyo ruwa daga kogunan yankin Kwango, aikin da ake kira Transaqua. An yi babban taro a kansa a Abuja a Fabrairun 2018, ana ambaton dala biliyoyi masu yawa, har yau ba a sara ko gatari ba. Masu binciken hotunan tauraron ɗan'adam kuwa sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin ya daina raguwa, a wasu shekarun ma ƙaruwa yake yi, ambaliyar 2022 da ta 2024 kuma sun nutsar da gonaki da ɗakuna a tsibirai da dama. Wanda ke zaune a tumbu bai rasa ruwa ba. Abin da ya rasa shi ne kasuwar da zai kai kifi ba tare da tsoron kamu ba, da alƙali, da asibiti, da jami'in da zai kwana tare da shi maimakon ya zo ya wuce.

Wannan aiki ne na Abuja da Maiduguri da maƙwabta, kuma ba na yau da gobe ba ne. Amma akwai abin da ke hannunmu a nan. Tsarin sarauta a masarautar Gumel, daga Mai Martaba Sarki Ahmad Muhammad Sani zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni, ya isa ya san wanda ya fita daga kowane gari bayan kaka. Littafi ɗaya a ƙofar dagaci, a rubuta sunan mai tafiya, da inda ya nufa, da wanda ya ɗauke shi aiki, ba zai ci kuɗin kirki ba, kuma shi ne abin da za a fara nema ranar da labari ya yanke. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha na iya tattara sunayen waɗanda suka riga suka ɓace ta haɗa danginsu da Red Cross. Limaman Juma'a a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su keɓe huɗuba guda su bayyana wa mata da surukai hukuncin wanda ya ɓace, domin a daina ɗaukar zuwa gaban alƙali a matsayin cin amanar miji.

Kai kuma saurayi mai shirin nufar gabas bana, ba wanda ya isa ya hana ka neman halaliyarka. Amma kafin ka hau mota, ka gaya wa mahaifinka sunan tumbun da za ka, ka sa a rubuta bashin da ka ɗauka a gaban shaidu biyu, ka kuma bar wa matarka magana bayyananna kan abin da za ta yi in damina biyu ta wuce ba ta ji daga gare ka ba.